Makullin Firij

A kamfanin haɗa magungunan, Kunne suke kiran ta. Da farko a bayan idonta ne, daga baya har Darakta yakan manta ya faɗa a gabanta. Ba ta taɓa nuna jin haushi ba, don ita ma ta san sunan ya zauna mata daram.

Ita ce shugabar sashen da ke sa ido kan illar magani. Aikin nasu, in aka cire manyan kalmomin da ake yi masa ado da su, sauraro ne kawai. Wani ya sha maganin kamfanin ya tashi da ƙaiƙayi, wata ta sha jiri ya kwashe ta, wani ya rantse tun da ya fara sha gashin hancinsa ke ƙara tsawo. Duk a rubuta, a tantance, a aika wa hukumar kula da magunguna abin da ya kamata a aika. Kuma dokar ba ta tsaya kan sashenta ba. Duk ma'aikacin kamfanin, daga Darakta har mai gadi, in ya ji wani ya yi ƙorafi a kan maganinsu, ko a layin banki ne ko a falon surukarsa, dole ya kawo mata labari kafin gobe war haka. Ranar da kunnen ma'aikaci ya fara ji, ranar ake fara lissafi, kuma babu abin da sufetocin hukuma ke so kamar su kama rahoton da ya makara. Tun da ta karɓi sashen ba su taɓa kama ko ɗaya ba, kuma ba ta gajiya da faɗin haka.

Ita ke koyar da wannan doka duk shekara, a ɗakin taro mai sanyin da ke sa manya gyangyaɗi, kuma kullum da magana ɗaya take rufewa: "Ba ruwanku da ko gaskiya ce ko ƙarya. Wanda ya faɗa muku ba a kotu yake ba. Ku dai ku saurara, ku rubuta."

Abin da ya biyo baya shi ne kowa a kamfanin ya daina rashin lafiya a gabanta. In ta shigo ɗakin shayi, mai tari sai ya haɗiye kayansa. Wani direba ya taɓa yin subutar baki ya ce maganin tarinsu ya sa wa matarsa zawo, ta tsare shi da tambayoyi a bakin mota har da launi da yawan zuwa. Tun daga ranar matar direban nan ba ta sake ko ciwon kai ba.

A gida kuwa akwai Malam, mijinta, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. Likita yake ce mata tun suna saurayi da budurwa, ko da yake haɗa magani ta karanta, kuma ta gyara masa har ta gaji. A kansa take gwada jawabinta na shekara, yana zaune yana gyaɗa kai yana gyara mata inda ta maimaita kalma. Malam bai tara komai ba a duniya sai abu biyu: ciwon suga, da sunan mutumin da ba ya ƙarya. Ko "ba ya nan" ba ya yarda a faɗa wa baƙo in yana nan. Ya taɓa gaya wa 'yarsu, tana sanye da sabuwar riga tana juyi a gabansa, cewa rigar ta yi mata kama da labule. Yarinyar ta yi kuka, amma daga ranar in Baba ya ce abu ya yi kyau, to ya yi.

Da ya bar aiki sai barci ya bar shi. Likitansa ya rubuta masa Lumshe, maganin barcin da kamfaninsu Kunne ke taƙama da shi, ita kuwa ta ji daɗi kamar ita ta haifi ƙwayar. Malam ya koma barci mai nauyi, da minshari irin wanda ke girgiza labule, har sai da ta fara toshe kunnuwanta da auduga kafin ta kwanta.

Sai firij ya fara ramewa.

Ranar farko rabin soyayyiyar kaza ce ta yi ɓatan dabo. Su biyu ne a gidan, don 'yar tasu ta yi aure tuni, ba kyanwa, ba mai aiki da ke kwana. Ta tsaya da farantin a hannu tana kallonsa yana shan shayinsa marar suga.

"Malam, kazar nan fa?"

"Wace kaza?"

"Wadda na ajiye jiya."

"Ban ci ba, Likita."

"Ga maiƙo a hannun rigarka."

Ya ɗaga hannun ya duba, da irin kallon da yake yi wa lissafin da ya ƙi fita. "Na gani. Amma ban ci ba. Ban san yadda aka yi ba."

Ta yi dariya, don a ranar abin dariya ne. Bayan kaza sai madarar gwangwani, sai burodi guda, sai ragowar shinkafa har da ƙanzo. Ɓurɓushi a gefen gadonsa, cokali a aljihun wandon barcinsa. Abin auna sugansa kuwa kullum safiya sai ya tona masa asiri, lambar tana hawa kamar farashin kaya. Dariyar ta ƙare. Tsoro ne ya kama ta, don ta san abin da suga ke yi wa ido da ƙoda da yatsun ƙafa, ita kuma tsoronta da faɗa yake fita. Abin da ya fi ci mata rai ba cin ba ne. Yadda yake kallon tsakar idonta ya ce "ban ci ba" ne, ko ƙiftawa babu.

Wata Asabar 'yarsu ta kawo ziyara, ta tambayi abin da ya sa Baba ya yi ƙiba amma fuskarsa ba walwala. Kunne tana yanka albasa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Tambaye shi. Babanki ya koyi ƙarya da tsufa. Ya kwashe firij ya rantse miki bai taɓa ba."

"Haba Mama!"

"Haba me? Ba ga tumbin ba?"

Malam yana bakin ƙofar kicin. Ya dubi 'yarsa, ya ga ta sunkuyar da kai tana ƙoƙarin danne murmushi irin na wanda ya kama babba da laifin yara, sai ya juya ya koma ɗaki. Daga ranar kalmar Likita ta fita daga bakinsa. In zai yi mata magana sai dai "ga waya ana kira" ko "an kawo wuta".

Ita kuwa ta biya shagon kayan ƙarfe ta sayo sarƙa da kwaɗo, ta ɗaure firij tamau. Makullin ta rataye shi a igiyar katin shaidarta na aiki, yana lilo a ƙirjinta duk inda ta shiga. Ta ce a ranta rai take ceto, kuma wanda ake ceton ransa ba lallai ne ya gode ba.

A ofis lokacin kowa a tsaye yake, sufetoci na tafe. An yi wa baranda fenti, an sayo sababbin kwandunan shara da ba a yarda kowa ya jefa shara a ciki ba, an koya wa mai gadi murmushi. Darakta, wanda ma'aikata ke kira Babu Matsala saboda da ita yake amsa komai har gaisuwar mutuwa, yana zagayawa yana roƙon kada wani sabon abu ya taso a kan Lumshe sai baƙi sun tafi. Shi da kansa yana shan maganin kullum, kuma ba ya barin taro ya tashi bai sanar ba.

Ana cikin haka mataimakinta ya leƙo ofishinta yana ƙunshe dariya.

"Ranki ya daɗe, wata mata ce ta bugo. Wai mijinta tun da ya fara shan Lumshe yake tashi ya cinye abincin gida, da safe ya musa."

"Ka rubuta?"

"Na rubuta."

"Madalla. A bi ta a ji sauran bayani." Ta juya makullin da ke wuyanta da yatsa. "Maza ke nan. Sun samu abin ɗora wa laifi. Ni nawa ma ko dabarar ɗora wa magani ba ta zo masa ba."

Suka yi dariya tare. Mace ce da za ta iya haɗa ƙaiƙayin wani da jirin wata daga garuruwa biyu ta gano bakin zaren, amma a nan, da zaren a rataye a wuyanta, ta koma kan kwamfutarta ta ci gaba da aiki.

Wata safiya ƙauri ne ya tashe ta. Ta cire audugar kunnenta ta nufi kicin da sauri. Firij na nan da sarƙarsa, ba a taɓa shi ba. Amma murhun gas na ci, tukunya a kai ta ƙone ƙurmus, ruwan ciki ya daɗe da ƙafewa, tsumman goge hannu a gefe bakinsa ya fara baƙi. A ƙasa ɓawon ƙwai ne birjik. Tiren ƙwan a saman kabad yake, shi ya sa ba ta kulle shi ba. Kuma ba ta ga dalilin kulle shi ba, don Malam ba ya cin ƙwai. Tun yana yaro ƙarninsa ke tayar masa da zuciya. In tana soyawa barin gidan yake yi, kuma ya taɓa fasa tafiya a mota saboda na kusa da shi ya ɓare dafaffe.

Ta kashe wutar.

A ɗaki ta same shi zaune a bakin gado, ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. Ƙuna ce ta tashi ta yi ruwa, shatin hannun tukunya sak. Ga gwaiduwa ta bushe a gemunsa.

"Malam, me ya samu hannunka?"

"Ban sani ba." Bai ɗago ba. "Na farka na gan shi haka, bakina kuma yana ƙarnin abin da na tsana. Amma bar shi kawai. Na san ba za ki yarda ba."

Idonta ya sauka kan kwalin Lumshe da ke kan durowar gefen gado, ta tuna matar da ta bugo waya, ta tuna dariyar da ta yi. Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta wanke masa ƙunar, ta ɗaure, ta ɗauke kwalin ta jefa a jaka, ta buga wa likitansa. Duk wannan hannunta ne ke yi. Bakinta ya kasa furta abin da ya kamata, sai cewa ta yi, "Kada ka bari ruwa ya taɓa shi."

A taron safe ta bari Darakta ya gama yabon fentin baranda, sannan ta ce akwai sabon abu a kan Lumshe. Mutane biyu, ba su san juna ba, suna tashi cikin barci su ci abinci, su wayi gari ba su tuna komai ba. Ɗaya har ya kunna gas ya dafa ƙwai, ya bar wutar tana ci.

"Waye na biyun?" in ji Darakta.

"Mijina."

Shugaban talla ya gyara zama. "To ai wannan ba illa ba ce, ranka ya daɗe. Mutane nawa ke neman abin buɗe ciki? Barci da ƙiba a ƙwaya ɗaya. Sai dai mu ƙara kuɗi."

Ba wanda ya taya shi. Darakta ya ce a yi haƙuri, a bari sufetoci su zo su tafi, mijinta ai na gida ne, ba zai gudu ba. Ta ce rahoto zai fita kafin gobe, da na matar nan, da shawarar a ƙara gargaɗi a takardar cikin kwali, kuma ba izini ta zo nema ba, sanarwa ce.

Hannun Darakta ya sauka kan bel ɗinsa, wanda kowa ya lura an ƙara masa huda kwanan nan. Kowa kuma ya san ya kori masu dafa masa abinci har biyu a kan satar nama.

"Ƙwai kawai yake ci?" ya tambaya a hankali.

"Duk abin da hannunsa ya kai."

"Har da, a ce, man shafa wa burodi? Da cokali?"

"Har da shi, ranka ya daɗe."

"Babu matsala," in ji Darakta, da muryar da ke cike da ita. Da aka tashi an ji yana tambayar sakatariyarsa ko tana da lambar mai dafa abincin nan na biyu, dattijon.

Da yamma ta koma gida da kwamfutarta, don rahoto ba ya cika sai an ji daga bakin wanda abin ya sama. Malam na zaune a teburin cin abinci da hannunsa a naɗe. Ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta yi masa bayanin abin da take zato, da matar da ta bugo waya. Ya saurara har ƙarshe.

"Yanzu da wa nake magana?" ya ce. "Da matata ko da kamfani?"

"Da kamfani."

"To bismillah. An ce shi kamfani yana sauraro."

Ta haɗiye wannan. Ta tambayi shekarunsa, kamar ba ta sani ba, ya faɗa. Yaushe ya fara shan maganin, ƙwaya nawa, da me yake haɗawa. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, har yana gyara mata inda ta rubuta sunan maganin sugansa ba daidai ba.

"Me ya faru bayan ka sha?"

"Ban sani ba, barci nake. Sai dai in faɗa miki abin da ke faruwa da safe."

"Wace cuta abin ya jawo maka? Na sa ƙuna a hannu, da hawan suga."

"Ƙara ɗaya. An kira ni maƙaryaci a gaban 'yata."

Yatsunta suka tsaya. "Malam, babu gurbin wannan."

"Akwai wurin ƙarin bayani a ƙasa. Shekara nawa ina sauraron jawabinki? Ba ruwanki da ko gaskiya ce ko ƙarya. Ki saurara, ki rubuta."

Ta rubuta, harafi bayan harafi, allon yana yi mata hazo-hazo.

Saura gurbi ɗaya, wanda ta cike sau dubbai ba tare da tunani ba: ranar da ma'aikacin kamfani ya fara jin labarin. Ta sa ranar yau. Malam ya miƙo wuya ya leƙa ta saman tabaransa, yadda yake leƙa takardar ɗalibi.

"Yau?"

"Yau na gane."

"Ba gane suka tambaya ba. Ji suka tambaya. Tun ranar kazar nan na faɗa miki ban san yadda aka yi ba. Ke ba ma'aikaciyar kamfani ba ce a ranar?"

Ta san abin da hakan ke nufi, fiye da kowa a duniya. In ta sa ranar kaza, rahoton ya makara makara mai muni, kuma shi sufetoci za su fara cirowa. Za su tambayi wane ma'aikaci ne ya ji ya zauna a kai, a ce shugabar sashen ce da kanta. Direban nan ma sai ya ji labari. In kuma ta bar ranar yau, ba wanda zai taɓa sani. Tana ma da hujja, don a ranar bai ambaci magani ba, kuma duk wanda ya san aikin zai tsaya mata a kan haka. Sai dai takardar za ta nuna cewa kafin yau Malam bai faɗi komai da ya cancanci a ji ba.

Bai roƙe ta ba. Ya koma ya jingina da kujera yana kallon sarƙar firij.

Ta goge ranar yau. Ta duba kalandar wayarta, ta nemo ranar da ta soya kazar, ta sa washegarinta. A gurbin dalilin makara ta rubuta: an faɗa wa ma'aikaciyar, ba ta yarda ba. Ta juya masa allon ya karanta, ya gyaɗa kai, ta danna aikawa a gabansa.

Sannan ta cire igiyar daga wuyanta, ta ɓalle makullin, ta tura masa a kan tebur.

"Ka yafe min, Malam. Wallahi na cuce ka."

Ya dubi makullin bai taɓa shi ba.

"Kamfani ya ji, hukuma za ta ji," ya ce. "Saura mutum ɗaya, Likita. Kira min ita. Ki sa a lasifika."

Ta ɗauki wayar ta nemo lambar 'yarsu. Wayar ta fara ƙara a tsakaninsu, kusa da makullin.